Mahdi Ya Hau Injin Aro

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu leƙo wannan shafi. Yau ba zan buɗe da daɗin baki ba. Akwai hali guda da na tsana, kuma shi ya kawo ni inda nake: mutum ya ga an ara wa wani abu, shi kuma ya lallaɓa ta bayan gida ya mora, mai abin bai sani ba. A gidanmu aron aro ake ce masa. Ƙanin sata ne, sai dai shi yana sa hula, yana kuma yin sallama. Wanda ya aikata shi a labarina sunansa Mahdi, kuma har makon jiya duk Ƙofar Baru angon Nisa suke kiransa.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce Khairunnisa, wadda ake kira Nisa, 'yar Malam Lawal mai fataucin shanu a kasuwar Mai'aduwa. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ƙanwar Baba, Gwaggo Kande, ita ta riƙe ni. Na karanta kwamfuta na dawo Daura, aiki bai samu ba, ni kuma zaman banza ba ya karɓata. Sai na rubuta wata 'yar manhaja na raɗa mata suna Garke. Aikinta ɗaya ne: in masu allurar dabbobi za su fito, ta aika wa makiyaya saƙo a waya, da Hausa da Fulatanci, ta faɗa musu rana da mashayar da za a haɗu. A buɗe na bar ta a intanet, kowa ya ga yadda aka ƙera ta, ya ɗauka, ya gyara, ba ko sisi.

Manhaja irin wannan ba a miƙa ta tsirara. Haɗa ta ake yi da duk abin da take buƙata a ƙulle wuri ɗaya, kamar yadda Gwaggo ke ɗaure wa Baba guzuri har da gishirinsa da yajinsa, duk inda ya sauka sai dai ya kwance ya ci. Wannan ƙullin shi muke kira kwantena. To amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Kwantenar Garke a kan wasu ƙananan injuna take aiki, girmansu bai wuce sabulun wanki ba, waɗanda ƙungiyar makiyaya ta ajiye a Zango da Sandamu. Ni ko ɗaya ba ni da shi a ɗaki, kuma abin da ya yi aiki a kwamfutata ba lallai ya yi a kansu ba.

Nan Malama Haulatu ta rufa mini asiri. 'Yar Matamai ce, can tsallaken iyaka, ita ke jagorantar wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna Shamuwa, wadda ke aika wa manoma labarin ruwan sama. Su suna da irin waɗannan injuna jere a kanta, aikinsu gwaji kawai. Ka sauya ko harafi ɗaya a manhaja, su da kansu za su ɗauka, su ƙulla kwantena, su kunna ta, su jarraba ta ciki da bai. In lafiya, koriyar alama ta fito. In da matsala, ja. Na roƙe ta, ta ara mini gurbi a layinsu, amma ta kafa mini sharaɗi.

"Garke kaɗai za ki hau da shi, ƙanwata. In kina da aiki mai nauyi ki yi magana tukuna. Kuma ki sani mu a tsakar gida muke shanya, duk abin da injin ya gwada duniya na kallo."

Na ce na ji, na yarda. Shekara guda ina kan wannan, ko gira ba ta taɓa ɗaga mini ba.

Sai bana ƙungiyar makiyaya ta ce yawancin mutanensu ba sa karatu, suna son Garke ta riƙa kira tana magana da murya. Na yi aikin, saura gwaji. Ga allurar ciwon huhu ta matso, kuma dole saƙo ya isa kafin ruwa ya zauna, don da zarar an yi shuka garake ke tashi su yi nisa. Wanda saƙo bai riske shi ba, shanunsa sun tafi ba allura. Ku riƙe wannan.

Yanzu Mahdi. Allah ya yi shi dogo, mai fara'a, mai shagon gyaran waya da kwamfuta a bakin titi, yana kuma karɓar kwangilar rubuta manhaja. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Gwaggo kuwa ta fi ni. Shi ke ɗaukar wayarta ya yi mata caji a solar shagonsa, shi ke kawo mata man zafi na gwiwa. In ya yi sallama kafin in ɗauko mayafi ta riga ta shimfiɗa tabarma a zaure ta kunna turaren wuta.

Wata Juma'a bayan la'asar ya zo cikin shadda ruwan toka, hula zanna ta karkace gefe, ƙamshi kamar an fasa kwalba. Ni kuma atamfa ce shuɗiya, riga da zane, da mayafi mai ruwan madara.

"Ranki ya daɗe, Magajiya."

"Magajiya tana fada. Nan Nisa ce."

"To Nisa, wai ni ba za a sa ni cikin Garken nan ba? Ko ɗan bunsuru ne a ɗaure ni a gefe."

Na yi dariya. "Me za ka yi a ciki?"

"Fuskar manhajar ta yi duhu. Tsoho a rana ba zai ga komai ba. Bari in gyara miki launi."

Gaskiya ya faɗa, launin ya yi duhu. Amma na ce, "Matsalar ita ce injin gwajin ba nawa ba ne. Duk wanda na sa a ciki, in ya tura aiki, injin mutane ne zai ɗauka."

Ya dafe ƙirji. "Au, ni ne duk wanda?"

Ashe Gwaggo na bakin ƙofa da kwanon fura. Ba ta jira an ba ta bakin magana ba.

"Ke wace irin yarinya ce? Mutumin da manyansa ke shirin zuwa gaisuwa, shi kike wa rowar abin cikin waya? Gobe in ya ce miƙo mini makullin ɗaki, sai ki ce aro ne?"

"Gwaggo, ba ki gane ba ne."

"Na gane sarai. Rowa ce, ta gidan ubanki, na san ta tun tana rarrafe. Sha fura, Mahdi, rabu da ita."

Ya sunkuyar da kai yana murmushi kamar mutumin kirki. Ni kuma na ji kunya ta rufe ni. Na ciro waya na sa shi a ciki, da sunan da yake amfani da shi a intanet, Dogon Daura. Na karanta masa sharaɗin Malama Haulatu baki da baki, ban rage ko ɗaya ba.

"Na ji, Malama," ya ce. "A yi mini jarrabawa ma in an ga dama."

Bayan nan na tafi rugagen bayan Zango karɓar lambobin waɗanda ba su cikin Garke. Gidan Arɗo na sauka, ɗakin uwargidansa. Can ko ka hau bishiya ba sabis. Na yi 'yan kwanaki ina shan kindirmo ina yawo a bayan babur, hankalina kwance, a raina da na dawo zan tura aikin murya a gwada, magana ta ƙare.

Muna cikin motar dawowa, an matse ni tsakanin buhun gyaɗa da wata mai goyo, waya ta fara kuka a jaka kamar an taka ɗan tsako. Saƙonnin Malama Haulatu ne, ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙanwata, wani aiki daga Garke ya toshe layi. Yana faɗuwa yana sake hawa da kansa. Duba."

"Nisa, kina ina? Namu gwajin ya rasa gurbi, ga hadari ya fara haɗuwa."

Na ƙarshen shi ya fi zafi.

"Na buɗe na gani. Wannan ba Garke ba ce, manhajar motocin wani Alhaji ce. Wane ne Dogon Daura, kuma da saninki? Na rufe gurbinki sai na ji daga bakinki."

Mai goyon ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, rasuwa aka yi?" Na girgiza kai kawai.

Ina isa gida ko hijabi ban cire ba na buɗe kwamfuta a bakin gado. Ga shi nan. Ya buɗe wani reshe a cikin Garke, wato gefen da ake yin sabon aiki kafin a haɗa shi da uwar manhaja, ya sa masa suna gyaran launi, amma ko launi ɗaya bai taɓa ba. Manhajar Alhaji Zailani ce, mai manyan motoci a Kongolam, wanda ya ba Mahdi kwangilar abin da zai riƙa nuna masa inda kowace mota take. Injunan da za a liƙa a motocin irin na Shamuwa ne. Maimakon ya nemi nasa ya gwada, sai ya cusa aikin ƙarƙashin sunana. Aikin ga nauyi, ga shi yana faɗuwa, shi kuma ya saita shi ya yi ta sake hawa har sai ya ci. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wannan duk da sauƙi. Da na leƙa rahoton gwajin sai na ga abin da ya fi wannan muni. Kalmar sirrin shiga manhajar Alhaji tana nan ɓaro-ɓaro. Ga lambobin direbobi. Ga wace mota ke ɗauke da me, da hanyar da za ta bi. Malama Haulatu ta goge abin da ta iya, amma ya kwana ya wuni a shanye kafin ta gani, kuma ba wanda ya san idon da ya riga ya wuce ta wurin.

Na kira shi na ce ya zo yanzu.

Ya iso da leda a hannu, kilishi ne, yana washe baki. Ban shimfiɗa tabarma ba. A tsaye na tare shi a zaure na juya masa fuskar kwamfutar.

"Ina launin da ka gyara?"

Murmushin ya ɗan dusashe, amma bai mutu ba. "Haba Nisa. Injin nan fa zaune yake banza rabin yini. Ruwan rijiya ne, don na ja guga ɗaya ba zai ƙafe ba."

"Rijiyar taka ce?"

"Ai buɗaɗɗe ne, na kowa ne."

"Manhajar ce ta kowa. Injin na mutane ne, kuma na karanta maka sharaɗi a nan inda kake tsaye."

"To na ji, na yi kuskure. Yanzu ga mafita. Ki ce mata Dogon Daura asusunki ne na biyu, kina gwada wani abu ne ya kuɓuce. Ke 'yar gida ce, za ta yi faɗa ta huce. Ni kuwa in sunana ya fito, wa zai ƙara ba ni aiki?"

"In na ce ni ce, ni na karya sharaɗi. Gurbin ya tafi kenan. Allurar fa?"

"Shanu dai? Shanu sun shekara dubu suna yawo ba saƙon waya."

Wallahi wannan maganar ta fi mini aron ciwo. Na gangaro da rahoton ƙasa na nuna masa da yatsa.

"Wannan fa? Ka san kalmar sirrin Alhaji tana waje?"

Ya matso. Ya karanta. Nan take ledar kilishin ta zame ta faɗi.

"Ai... ai a reshe na sa. Wa zai leƙa reshe?"

"Duk mai ido da data."

"Innalillahi. Nisa, don girman Allah kada Alhaji ya ji. Zan canja kalmar a ɓoye, ba wanda zai sani."

"Hanyoyin motocin fa, su ma a ɓoye za ka canja su?"

Gwaggo ce ta amsa daga tsakar gida, don kunnenta ba ya tsufa in Mahdi na zaure. Ta fito tana gyara ɗaurin zane.

"Me ya yi zafi haka? Ke Nisa, mace rufin asirin namiji ce."

"Gwaggo, bai zama mijina ba tukuna."

"Da wannan bakin ba zai zama ba! Yarinyar da ta tona wa saurayi asiri, wa zai ƙara sallama da ita a garin nan? Ki faɗa wa matar nan abin da ya ce, a wuce wurin. Ƙarya ɗaya don gyara aure ai ba ta kai mutum wuta."

Na ce zan jira Baba. Mahdi ya tsince ledarsa ya fita ba sallama.

Baba ya dawo gab da magariba, ƙafafunsa fari fat da ƙurar kara, wato kasuwar shanu. Bayan ya yi salla na kai masa tuwon dawa da miyar kuka, na durƙusa gefe na zayyana masa komai. Gwaggo na sa baki, yana ɗaga mata hannu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, injin na wa?"

"Na su Malama Haulatu."

"Ta ara miki don me?"

"Don Garke."

"Shi ta ara masa?"

"A'a."

Ya suɗe hannu ya jawo buta. "To ban ga abin da ya rikice ba. In ka ari shanun huɗa, gonar da aka ambata ita za su shiga. In ka waiwaya wani ya kai su tasa gonar suka gurɗe, ba ka aika yaro, ba ka aika saƙo. Da ƙafarka za ka kora su gidan mai su, wanda ya gurɗe su yana biye da kai. Haka na tarar, haka zan bari. Ki tambaye ta inda za mu same ta."

"Yaya, a kan abin cikin waya za ka tashi da tsufanka?" in ji Gwaggo.

"Kande, amana ba ta da ƙarami. Sannan motocin Zailani su ke kai mini shanu kudu. Direbobin nan na san 'ya'yansu. In wani ɗan iska ya tare su a hanya don an shanya masa inda za su bi, ke za ki je ta'aziyya ko ni?"

Gwaggo ta juya ta shige ɗaki.

Malama Haulatu ta ce za ta ƙetaro Kongolam gidan yayarta washegari. Baba da kansa ya kira Mahdi ya ce ya same mu a tasha da hantsi. Ya ce to, Baba, in sha Allahu. Muka je, mota ta cika, direba na ta hura ƙaho, ba Mahdi. Sai saƙo ya shigo.

"Nisa ki ba Baba haƙuri, cikina ya ɓaci tun asuba. Ki yi mini magana mai daɗi a wurinta."

Na nuna wa Baba. Ya sa na karanta masa, ya gyaɗa kai ya ce wa direba, "Mu je, Malam."

Ban taɓa ganin Malama Haulatu ido da ido ba sai ranar. Ina zaton wata ƙatuwar hajiya, sai ga 'yar siririyar mata da tabarau, hijabi baƙi har ƙasa, jariri a kafaɗa. Ta gaida Baba har ƙasa. Ni kuwa ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta nuna mini tabarma.

"Na kira salularki har na gaji."

"Ina ruga, Malama, ba sabis."

"To ina jin ki."

Na faɗa mata yadda aka yi, daga zaure har reshe. Na ce ni na buɗe masa ƙofa, da hannuna, ban nemi izininta ba. Abin da ya shigo da shi kuwa ban sani ba sai a mota. Na faɗi sunansa, na faɗi abin da yake a wurina.

Ta daɗe tana jijjiga jaririn. "Kin san abin da ya ci mu? Sabon saƙon da ke gargaɗin manoma kada su yi shuka da ruwan yaudara, shi ke jiran gwaji. Yayyafi ya sauka a wajenmu kafin ya fita. Akwai waɗanda suka zuba iri, yanzu rana ke gasa shi. Injunan nan kuwa mu ke haɗa musu kuɗin kuran, wato wutar lantarki, da kanmu, ba wata gwamnati."

Baba ya gyara zama.

"'Yata, ni ban san injin ba, amma na san aro. Yarinyar nan tawa ce, laifin ƙofa nata ne, nawa ne. Wanda ya kamata ya biyo mu bai biyo ba, cikinsa ya ɓaci. Mun zo mu ba ki haƙuri, in kin karɓe abinki ba ki zalunce mu ba." Ya turo mata ƙwaryar man shanu da ya riƙo tun daga gida.

Sai a lokacin ta yi murmushi. "Baba, injin ba ya cin man shanu."

"Mai injin na ci."

Yayarta ta tuntsire da dariya daga madafa. Malama Haulatu ta juyo gare ni.

"Da kin ce mini asusunki ne na biyu, da mun rabu yau. Na riga na bi sawunsa na ga shagonsa, jira nake in ji me za ki ce. Zan buɗe miki, don shanun mutane. Amma daga yau ba abin da zai hau injin daga Garke sai ke kin duba kin danna da hannunki. Shi kuma na rufe shi a Shamuwa. Sannan ki rubuta abin da ya faru a shafinmu inda kowa zai gani, don masu aiki da mu suna tambayata wa ya toshe layi."

"Har da sunansa?"

"Sunan da ya yi aikin da shi. Shi ya zaɓe shi, ba ni ba."

Na ce to.

Daga nan Baba ya ja ni garejin Alhaji Zailani. Ni na tsaya a inuwar wata mota da aka loda wa buhunan wake, shi ya shiga ofis. Ban ji abin da Baba ya ce ba, Baba ba ya ɗaga murya. Na Alhaji kuwa har masu faci sun ji.

"A intanet? Motocina? Kai Sada, kira mini duk direban da ke hanya ya tsaya inda yake!"

Ya fito da kansa, babbar riga a saɓe, ya tambaye ni me zai yi. Na ce a canja kalmar sirri yanzu, a sauya wa motocin makon nan hanya da lokacin tashi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Shi kuma yaron zai gamu da ni."

Kafin mu iso Daura gurbina ya buɗe. Na tura aikin murya, na zauna bakin gado ina kallon ɗan da'irar nan tana juyawa. Ja ta fito. A kan ƙaramin injin muryar tana yankewa daidai wurin sunan mashaya, abin da kwamfutata ba ta taɓa nuna mini ba. Da na aika haka, da makiyayi ya ji ranar allura bai ji inda zai kai shanu ba. Na gyara, na sake turawa. Ja. Na yi salla, na ci abinci, na sake zama. A karo na gaba koriya ta fito, na saki ajiyar zuciya har Gwaggo ta leƙo ta ce lafiya. Washegari injunan Zango da Sandamu suka ɗauki sabuwar kwantena, wayoyi suka fara ƙara a rugagen da ke da sabis. Uwargidan Arɗo, da ta shigo Zango inda akwai sabis, ta sa an kira ni don kawai ta ce ta ji muryar, wai kamar mutum.

Na rubuta bayanin a shafin Shamuwa kamar yadda na yi alkawari, ban ƙara gishiri ba, ban rage ba. Bai yi sa'a guda ba saƙon Mahdi ya shigo.

"Haba Nisa. A kan injin za ki yi mini haka? Ina son da muke yi?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Ba zan ce muku ban yi kuka ba, na yi, har filo ya jiƙe. Daga ƙarshe na aika masa layi ɗaya: "Baba ya jira ka a tasha." Ya karanta, alamar ta nuna, bai ce komai ba har yau.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ga abin da aron aro ya ci wa Mahdi, ba ƙari. Alhaji Zailani ya karɓe kwangilar, ya aiko yaran mota suka kwashe kayan da ya ba shi daga shagon da rana tsaka, maƙwabta na kallo. Sunan Dogon Daura an rufe shi a Shamuwa, kuma duk mai rubuta manhaja daga Katsina zuwa Damagaram ya karanta dalili. Direbobin Kongolam, waɗanda su ne rabin masu kai masa gyaran waya, sun koma shagon tsallaken titi. Gwaggo Kande ma, da bakinta ba ta ce komai ba, amma jiya na ga ta ba yaron maƙwabta wayarta ta ce ya kai caji wurin mai shayi.

Saura guda, wadda shi bai sani ba tukuna. Yanzu haka da nake rubuta muku, Baba na tsakar gida yana naɗa rawani. Gidan kawun Mahdi zai je, ya ce musu kada su wahalar da kansu zuwa gaisuwa. Gwaggo ta tambaye shi ko a rufe masa tuwo. Ya ce a bar shi a buɗe, ba zai daɗe ba.